Baƙin gawayin na'urar tace iska zango ne, kuma zango yakan cika

A hunturun bara, a makon da hazo ya lulluɓe Accra har hasumiyoyin babban masallacin Kanda suka koma kamar zane a jikin gajimare, yayata ta shiga cikin gari ta sayo na'urar tace iska. Autanta yana fama da asma, duk sanda iskar hunturu ta kaɗo sai a kwana zaune. Mai shagon ya buɗe mata bayan na'urar ya zaro falle uku: raga, da farar takarda mai naɗe-naɗe kamar mafici, da wani baƙin falle mai gida-gida irin na saƙar zuma. Ya ɗora yatsa a kan baƙin ya ce, "Hajiya, wannan shi ne kabon. Ƙura, hayaƙi, wari, ƙwayoyin cuta, duk shi ke cinyewa."

Bayan wata huɗu ta kira ni. "Zo ka shinshina abin nan. Da can iska mai daɗi yake bayarwa, yanzu wani tsami-tsami yake fitarwa, kamar tsohon turare ya gauraya da gumi. Ko dai jabu suka sayar mini?"

Na ce, "Yaya, ba jabu ba ne. Cika ya yi."

Mai shago ya ce kabon ɗin nan, wato gawayin, yana cinye wari. Ba ya cinye komai. Ajiya yake yi, kuma ba a taɓa gina rumbun da ba ya cika ba. Wanda ya riƙe wannan, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi, har ya gane dalilin da ya sa na'ura ɗaya take yi wa wani gida amfani, a wani gidan kuma ta zama fanka mai tsada.

Sai an fara rarrabe aya da tsakuwa, domin dattin da ke yawo a iskar ɗaki iri biyu ne, kuma ba makami ɗaya ke maganinsu ba. Akwai mai jiki, wanda da za a tara shi wuri ɗaya sai a share shi da tsintsiya: ƙurar hunturu da iska ke ɗaukowa tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, baƙin hayaƙin motocin haya na trotro, tokar sharar da ake ƙonawa a bakin kwata, ƙurar katifa da labule. Mafi sharri a cikinsu su ne waɗanda masana ke kira PM2.5, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikron 2.5 ba. Silin gashin kai ya kai kusan maikron 70, ka ga sai an jera kusan talatin kafin su kai kaurinsa. Su ne ke wuce hanci da maƙogwaro su sauka can ƙasan huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata matsakaicinsu ya wuce maikrogiram 5 a kowace kubik mita ta iska ba a tsawon shekara, ko 15 a yini guda. Kama irin waɗannan aikin farar takardar nan ce mai naɗe-naɗe, wadda ake kira HEPA. In ta gaskiya ce, tana tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman maikron 0.3.

Iri na biyu ba shi da jikin da za a share. Shi ne tururin fetur, warin fenti da tina, warin gam ɗin sabon katako, ɗoyin kwata, ƙamshin turare. Wannan ƙwayoyin sinadari ne ɗai-ɗai, kowace tana yawo ita kaɗai a cikin iska. Ƙwayar benzin, wanda yake cikin tururin fetur da hayaƙin taba, ba ta kai nanomita ɗaya ba, nanomita kuwa shi ne a raba milimita gida miliyan a ɗauki ɗaya. A wurinta, ramukan takardar HEPA kamar ƙofar gari ce a wurin sauro. Don ita da 'yan'uwanta aka sa baƙin fallen.

Gawayin da ke ciki dangi ɗaya ne da wanda manyan motoci ke saukewa buhu-buhu daga Kintampo da Afram Plains, sai dai shi an mayar da shi wuta karo na biyu. Gawayin girki itace ne da aka turbuɗe ya ci wuta ba tare da isasshiyar iska ba. Yana da ƙofofi a jikinsa, amma yawancinsu a toshe suke da kwalta da sauran maiƙon itace. A masana'anta sai a sa shi cikin tanderu mai zafin digiri 800 zuwa 1,000 a ma'aunin Salshiyos, a riƙa busa masa tururin ruwa. A wannan zafin tururi yana cin jikin gawayin kaɗan-kaɗan, ya share toshewar, ya kuma rarake sababbin ramuka, har dunƙulen ya koma kamar gidan gara. Akwai wata hanyar da ake jiƙa itacen a asid ɗin fosforik tukuna a gasa shi da zafin da bai kai wancan ba. Ana yin sa da itace, ana yi da kwal, amma wanda aka fi so wajen kama tururin sinadarai shi ne na ɓawon busasshiyar kwakwa, saboda ramukansa sun fi ƙanana. Sri Lanka da Indiya da Filifin da Indunusiya suna cin kasuwar duniya da shi. Mu kuwa da muke da kwakwa jibge a ƙasar Nzema, daga waje muke sayo yawancin wanda muke amfani da shi. Wannan zance ne na wata rana.

Abin da ake nema da duk wannan wahala shi ne fili. In aka lissafa bangon duk ramukan da ke cikin giram ɗaya na gyararren gawayi, ana samun murabba'in mita 500 zuwa 1,500. Filin ƙwallo irin na Baba Yara da ke Kumasi ya kai kusan murabba'in mita 7,000. Wato a matsakaici, kusan giram bakwai, ɗan abin da za ka riƙe a tafin hannu, in aka shimfiɗa cikinsa zai rufe filin daga raga zuwa raga.

Ramukan kuma ba girmansu ɗaya ba. Duk wanda ya san unguwar Nima zai gane tsarin. Akwai babban titi, inda motoci ke wucewa ba mai zama: su ne ramukan da suka wuce nanomita 50. Daga titi a shiga lunguna, masu faɗin nanomita 2 zuwa 50. Daga lungu a faɗa ƙuryar ɗaki, ramukan da ba su kai nanomita 2 ba. Titi da lungu hanya ce kawai. Kusan duk filin da ake taƙama da shi yana cikin ƙuryoyin nan, kuma can ne baƙo ke sauke kaya.

Yadda ake riƙe baƙon ma abin lura ne. Soso yana tsotse ruwa ya shiga cikin jikinsa. Gawayi ba haka yake yi ba, ya fi kama da yadda ƙarangiya ke maƙale wa riga: a saman bango take, ba ta zama riga ba, kuma in an kakkaɓe da ƙarfi za ta faɗi. Tsakanin kowace ƙwayar sinadari da bangon da ta kusanta akwai wani ɗan jan juna marar ƙarfi, wanda aka sa wa sunan masanin Holan, van der Waals. A kan shimfiɗaɗɗen bango jan ba ya riƙe ƙwaya sai na ƙiftawar ido. Amma a cikin ramin da bai fi ita kanta faɗi sosai ba, bango na dama yana ja, na hagu yana ja, sai ta kasa fita da wuri. Sirrin ke nan gaba ɗaya. Babu wuta, babu narkewa, babu abin da aka kashe. An daɗe da sanin wannan hali na gawayi. Tun 1773 Scheele, wani mai haɗa magunguna a Suwidin, ya lura yana shanye iskoki. Bayan da aka saki gubar kilorin a kan sojoji a Ypres ta ƙasar Beljiyam a Afrilun 1915, masanin Rasha Nikolay Zelinsky ya ƙera takunkumin fuska mai gyararren gawayi a wannan shekarar. Jikan wancan takunkumin ne ke zaune a ɗakin yayata.

Ni dai ban ga kwatancen da ya fi dacewa da shi kamar zango ba, kalmar da unguwanninmu suka samo suna daga gare ta. Ayari ya iso, ya sauke kaya, ya huta, ya tashi. Mai kaya da nauyi yakan daɗe, mai ɗan ƙunshi a kafaɗa ko ruwa ba ya tsayawa sha. Haka ƙwayoyin sinadari suke a cikin gawayi: kullum wasu na sauka wasu na tashi, abin da ya bambanta su shi ne tsawon zama. Akwai hanya mai sauƙi ta gane wanda zai daɗe, ita ce a dubi zafin da sinadarin ke tafasa. Wanda sai ya sha zafi kafin ya zama tururi, dama can yana son maƙalewa, gawayi zai riƙe shi da kyau. Toluwin, da ke cikin tina da fenti da gam ɗin masu gyaran takalmi, yana tafasa a digiri 111. Benzin a digiri 80. Waɗannan manyan baƙi ne, in sun sauka sun sauka.

To, ga inda gizo ke saƙa. Fomaldehaid, wanda ke fita daga katakon da aka matse da gam, irin na gado da wadrob ɗin da ake jera wa amarya, yana tafasa tun a digiri 19 ƙasa da sifili. Amoniya, mai sa zarnin fitsari, a 33 ƙasa da sifili. Iskar da ke ba kwata warin ruɓaɓɓen ƙwai, a 60 ƙasa da sifili. Duk masu ɗan ƙunshi ne, leƙowa suke yi su wuce. Wato ainihin warin da ya fi damun mai ɗaki a bakin babbar kwatar Nima, ko wanda tagarsa ke kallon bayan gidan haya, shi ne wanda tsuran gawayi ya fi gazawa a kansa. Masu ƙera na'ura sun san da haka, shi ya sa masu tsadar ake jiƙa gawayinsu da wani sinadarin da zai yi faɗa da baƙon ya canza shi: asid don amoniya, sinadari mai kaifin toka don warin kwata, ko a gauraya shi da wasu 'yan duwatsu masu launin shunayya da aka jiƙa da famanganet don fomaldehaid. Wannan kam ɗauri ne na dindindin, abin da aka kama ba ya dawowa. Amma shi ma sinadarin yana ƙarewa, kuma wanda aka jiƙa don amoniya ba zai yi maganin fomaldehaid ba. In kwali bai faɗi abin da aka jiƙa gawayin da shi ba, a ɗauka tsura ne.

Sai kuma baƙon da ba a gayyata ba, wanda ya fi kowa yawa a garin nan: ruwa. Gawayi ba ya son ruwa sosai in iska a bushe take. Amma da zarar laimar iska ta haura kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, sai ƙwayoyin ruwa su fara taruwa suna riƙe juna a cikin ƙananan ramukan har su cika su. Accra gari ne na bakin teku, yawancin shekara laimarmu tana sama da haka, da asuba ma ta fi. Zafi shi ma ba ya taimako, don yana ƙara wa ƙwayoyi kuzarin tashi. Ke nan gawayin da aka gwada a sanyayyen ɗakin gwaji a wata ƙasa ba zai yi irin wannan ƙoƙarin a Mamobi a watan Yuni ba. Abin dariyar shi ne, lokacin da gawayi ya fi ƙarfi a wurinmu shi ne hunturu, sanda iska ta bushe har leɓe na tsagewa, alhali matsalar hunturu ƙura ce, wadda ba aikinsa ba. Da damina kuwa, sanda ɗaki ke warin danshi da funfuna mutum yana neman agajinsa, lokacin ne ruwa ya mamaye masa ɗakuna.

Daga nan za a gane tsamin da yayata ta ji. In zango ya cika, sabon ayari mai ƙarfi yana tayar da na da. Ƙwaya mai nauyi ta iso, ta ture marar nauyin da ta samu a ramin, wadda aka ture ta biyo iskar fanka ta dawo ɗaki. Ranar da laima ta tashi, ruwa ya kori wasu. Ko da ba a kori kowa ba, in iskar ɗaki ta fi ta cikin gawayin tsabta, abin da aka ajiye yakan fara fitowa da kansa. Sai na'urar da aka saya don cire wari ta koma mai raba warin wata huɗu da suka wuce, a gauraye. Kuma babu alamar da ido zai gani. Takardar HEPA in ta tsufa takan yi baƙi, iska ta rage ƙarfi. Gawayi baƙi ne ranar da aka saye shi, baƙi ne ranar da ya cika. Jar fitilar da ke kunnuwa a yawancin na'urorin nan awowin aiki kawai take ƙirgawa, ba ta san abin da ke cikin ramuka ba. Hanci ya fi ta gaskiya.

Wata nawa zai yi kafin ya cika? Kamfanoni sukan rubuta wata uku, wata shida, wasu shekara. Amsar gaskiya tana ga abu biyu: nawa ne gawayin, kuma me ake turo masa. Mu yi lissafin 'yan kasuwa. Mu ƙaddara fallen yana ɗauke da giram 50, mu kuma yi masa alheri mu ce zai riƙe kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Giram 5 ke nan. Ƙaramin cokalin shayi na tina ya kusa kai wannan nauyin. Wato in aka yi fenti a gidan, ko aka bar galan ɗin fetur na janareta a bayan ƙofa, gawayin zai iya cika cikin kwanaki. Na'urorin da aka yi da gaske don tururin sinadarai suna ɗauke da gawayi kilo biyu, uku, har fiye, shi ya sa suke da nauyi da tsada. Da yawa daga cikin masu araha kuwa wani siririn soso ne aka fesa wa garin gawayi don dai a samu damar rubuta kalmar kabon a jikin kwali.

Kauri ma yana da nasa hukuncin, domin ƙwaya tana buƙatar lokaci kafin ta bar titi ta bi lungu ta sami ɗaki. Falle mai kaurin milimita 5, in iska na ratsa shi da gudun rabin mita a daƙiƙa, kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kawai za ta yi a ciki. Injiniyoyin da ke tsara matatun manyan gine-gine sukan nemi ninki goman haka. Shi ya sa ƙure gudun fanka yake taimakon ƙura amma ba lallai ya taimaki wari ba: ayarin da ke gudu ba ya sauka. Lambar CADR, mai nuna yawan iskar da na'ura ke tacewa, wadda ake bugawa da manyan haruffa a kwali, a ma'aunin Amurka, ƙura da hayaƙi da garin fure take aunawa. Ba ta ce komai a kan gawayi ba.

Yanzu sai maganar da na daɗe ina kewayewa, don na san zan taɓa ran iyayenmu mata. Gawayi ba shi da hanci. Bai san bambancin ɗoyi da ƙamshi ba. Abin da ke sa turaren wuta ya kama labule da kaya ya kwana biyu yana tashi shi ne ƙwayoyinsa masu nauyi ne, masu son maƙalewa, wato ainihin baƙin da gawayi ya fi so. A gidan yayata kullum bayan magariba sai an zagaya da kasko. Ga humra, ga turaren fesawa, ga maganin sauro na feshi kafin a kwanta, ga tururin mai in ana suyar ƙosai ƙofa a buɗe. Na'urar kuma tana kunne dare da rana tana haɗiya. Kuɗi biyu yayata take kashewa: ta sayi turare, ta sayi gawayin da zai kwashe turaren. Da na faɗa mata haka sai ta ce, "To so kake ɗakin matar aure ya zauna ba ƙamshi kamar shagon tela?" Ban ce a daina ba. Amma hayaƙin kasko, komai tsadar itacen da ke ciki, hayaƙi ne, cike yake da ƙananan ƙwayoyin nan masu sauka huhu, kuma ga yaro mai asma ba shi da maraba da na murhu. Maganin sauro na kunnawa ya fi muni. Wani binciken da aka buga a 2003 ya nuna ƙona guda ɗaya na iya fitar da PM2.5 daidai da na karan sigari 75 zuwa 137. A rufe ɗaki da shi a kunna na'ura, kamar mutum ne yana ɗiban ruwa daga kwale-kwale da ludayi bai toshe hujin ba.

Akwai wuri ɗaya da rashin fahimtar nan ya wuce asarar kuɗi ya zama maganar rai. Iskar kabon monoksaid, wadda ke fita daga janareta da kurfotin gawayi da duk wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba, tana tafasa a wajen digiri 191 ƙasa da sifili. Ba ta ko kallon gawayin na'ura, wucewa take yi. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin da muke shaƙa sau sama da ɗari biyu. Da dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani mutane sukan jawo janareta cikin baranda ko lungun ɗaki don tsoron ɓarayi, da sanyin hunturu kuma a shigo da kurfoti a rufe ƙofa. A da, warin hayaƙi da yajin ido su ke tayar da mutum ya buɗe taga. Na'ura mai kyau za ta kwashe hayaƙin da warin, ta bar gubar ita kaɗai, ɗaki ya yi kamar lafiya lau. Haka nan gas ɗin girki in yana yoyo, na'urar ba kariya ba ce. Maganin wannan bai canza ba: janareta a waje nesa da taga, wuta a inda iska ke ratsawa, wanda yake da hali kuma ya sayi ɗan ƙararrawar da aka yi musamman don kabon monoksaid.

Tambayar da kowa ke yi in ya ji farashin sabon falle ita ce, ba za a wanke tsohon ba? Ko a shanya shi a rana? Wanki ba ya fitar da abin da ke cikin ramin nanomita ɗaya, sai ma ya cika ramukan da ruwa, sabulu kuma ya zama sabon baƙo. In gawayin jiƙaƙƙe ne da sinadari, ruwa ya wanke sinadarin ya tafi. Rana takan kori laima da kaɗan daga marasa nauyi, a samu ɗan sauƙi na kwanaki, amma manyan baƙi suna nan daram. Masu son ganin yadda ake sabunta gawayi da gaske su dubi manyan ma'adinan zinariya na Tarkwa da Obuasi. Da gyararren gawayi suke kamo zinariyar da ta narke a cikin ruwan sinadari, su wanko ta daga jikinsa, sannan su mayar da shi tanderu mai zafin wajen digiri 700 kafin ya koma aiki. Rufin kwano a Nima, komai zafin Maris, bai kama ƙafar wannan ba. A gasa shi a tukunya ko obin ɗin gida kuwa, an sako duk abin da ya tara a cikin kicin, ga firam ɗin roba zai narke.

Ba ina cewa gawayin banza ba ne. Wanda ɗakinsa ke jikin garejin masu feshin mota, ko kusa da gidan mai, ko a bakin titin da trotro ke tsayawa injin a kunne, ko mai shagon gyaran gashi da farce da ke wuni cikin warin sinadarai, gawayi mai yawa zai sauƙaƙa masa, kuma babu wani abu mai araha da zai maye gurbinsa. Sharaɗin dai ɗakin ya rufu. Tagoginmu na gilashin luba, ko an rufe su, iska na shiga ta kowane tsakani, ga zafi ba ya barin mutum ya rufe ɗin ma. Na'urar da ke aiki taga a buɗe, unguwa take ƙoƙarin tacewa. In kuma warin daga cikin ɗakin yake tasowa, kamar sabon fenti ko sabon wadrob, buɗe taga na sati biyu ya fi kowane gawayi aiki, kuma mitar kamfanin wuta na ECG ba za ta ci ko pesewa ba.

Da muka koma neman sabon falle, ban tambayi mai shago ƙarfin na'ura ba. Na ce ya ba ni fallen a hannu. Na jijjiga shi in ji ko akwai tsabar gawayi a ciki, na ɗaga shi sama in ga yawan hasken da ke ratsowa, don duk inda haske ya wuce iska ma ta nan za ta bi ba ta taɓa gawayi ba. Na ƙi wanda aka baje a kanta ba leda, tunda shi tun a shago ya fara aiki, ya sha hayaƙin titi wata da watanni kafin a saye shi. Na tambaya ko ana sayar da gawayin daban da takardar HEPA, saboda ba tare suke tsufa ba, kuma a na'urorin da aka manne su wuri ɗaya dole a zubar da mai rai saboda matacce. A gida kuma na kashe maɓallin nan da ake cewa yana sabunta iska da lantarki, domin wasu irinsa suna fitar da ozon, wanda ke tayar da asma.

Na'urar yanzu tana ɗakin yaron, ƙofa a rufe, an toshe tsakanin luba da tsumma, gidan sauro ya maye gurbin na kunnawa. Kasko ya koma falo, da safe, bayan ya tafi makaranta, taga a buɗe. Ranar da muka canza fallen na sa wuƙa na farke tsohon na juye a faranti. Duk tsabar da ke ciki ba ta cika ƙaramin kofin shayi ba. Yaya ta ɗebo kaɗan a tafin hannu ta kai hanci, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ikon Allah. Ai ga turaren da na saya da azumi nan."